Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya buɗe lissafin hatimi

Duk wanda ke shiga jirgin ƙasa da safe a Landan ya saba ganin mutum ya duƙufa kan jarida da biro a hannu, yana cike gidajen Sudoku. Jaridar The Times ce ta fara buga wasan a nan a Nuwamba 2004. Amma wanda ya tashi a Nima, ko Aboabo, ko Sabon Zongo, ya riga ya san gidajen lambobi tun yana ƙarami: hatimin da malam ke zanawa a allo ko a takardar laya. Da yawanmu mun ɗauka asiri ne kawai a ciki. Akwai lissafi ma, kuma wani Bakatsine ya rubuta littafi sukutum a kansa kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafillacen Katsina. Ya yi karatu a zamanin da Katsina ke cike da malamai, garin hasumiyar Gobarau, garin da Ɗan Marina da Ɗan Masani suka koyar kafinsa. Cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi, da Shehu Muhammad Bindu, wanda a wajensa ya ɗauki ilmin aufaƙi, sunan da Larabawa ke kiran hatiman lambobi da shi. Wajajen 1730 ya kama hanyar Makka. Bayan ya sauke farali sai ya zauna a Alƙahira, bai sake komawa gida ba.

Littafin da ya fi shahara da shi shi ne Bahjat al-Afaq, wanda ya kammala a 1145 Hijiriyya, wato tsakanin 1732 da 1733. Kafin mutum ya gane girman aikin, sai ya ɗauki hatimi mafi sauƙi, mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ku haɗa kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ku samu. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne dole 5 ta zauna a tsakiya, kuma duk lambobi biyun da ke fuskantar juna ta kanta 10 suke bayarwa: 4 da 6, 9 da 1, 2 da 8, 3 da 7. A kusurwoyi kuwa 2, 4, 6 da 8 ne kawai ke iya zama. A lissafin abajada su ne haruffan ba, dal, wau da ha, shi ya sa ake ce wa wannan hatimi Buduhu. Ko ka juya shi, ko ka duba shi a madubi, hatimi ɗaya ne tak, ba shi da na biyu.

Mai gida tara ana iya cike shi da laluɓe. Mai gida 25 fa, inda kowane layi sai ya ba da 65? Ko mai gida 81, inda ake neman 369? A nan laluɓe ba ya kai mutum ko'ina, sai ya kwana yana gogewa. Abin da al-Kashinawi ya shimfiɗa wa ɗalibansa shi ne hanyoyin cike hatimin da gefensa wutiri ne, 3 ko 5 ko 7 ko 9, ta bin taku ɗaya da ake maimaitawa. Ku gwada irin wannan taku a hatimin da ke sama. Ku fara daga 1, ku sauka gida ɗaya ku matsa dama gida ɗaya. Kun faɗa waje? To ku ɗauka ƙasan takardar a manne yake da samanta, damanta kuma a manne da hagunta, sai ku ɓullo ta ɗaya gefen, a nan 2 take. Haka za ku kai 3. In kun tarar da gidan da mai shi, ku hau gida ɗaya sama daga inda kuke, nan ne mazaunin 4. Ku ci gaba har 9, ba za ku yi lissafi ko ɗaya ba, amma layuka za su daidaita da kansu. Cikin hanyoyin da ya kawo har da mai bin tsallen doki na darar shaɗaranji, gida biyu a miƙe, ɗaya a gefe.

Ni a ganina wannan shi ne bambancin mai wasa da gwani. Mai wasa yana kallon lambobi, gwani yana kallon tafiyarsu. Kuma fagen ba ƙarami ba ne: hatimi mai gida 16 yana da siffofi 880 daban-daban, mai gida 25 kuwa 275,305,224, adadin da sai a 1973 aka ƙirga shi da kwamfuta.

Kada dai mu yi masa rigar da ba tasa ba. Ba malamin lissafi irin na makarantar boko ba ne. A wajensa aufaƙi na tafe tare da ilmin haruffa da taurari, kuma ɗaya littafin nasa, al-Durr al-Manzum, wanda ya gina kan wani aikin Fakhr al-Din al-Razi, kan ɗalasimai da taurari yake. Ya hori masu koyo su riƙe abin a ɓoye, su kuma yi ta naci kada su gaji. Malamanmu sun daɗe da saɓani kan halaccin irin waɗannan ilmuka, har yau ana yi a zongo, kuma ba hurumina ba ne in raba gardamar. Lissafin dai babu jayayya a kansa, duk mai biro zai iya tabbatar da shi.

A Alƙahira ya shaƙu da Shehu Hasan al-Jabarti, babban malami masanin falaki da lissafi, wanda shi ma ya ɗauki aufaƙi a wajen baƙon da ya zo daga ƙasar Hausa. A gidansa al-Kashinawi ya rasu a 1154 Hijiriyya, wato 1741, ya bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abd al-Rahman al-Jabarti, an haife shi bayan rasuwar da shekara goma sha wani abu, ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar. Shi ya saka labarin Bakatsinen a littafinsa Aja'ib al-Athar, tare da sunayen malamansa, kuma daga nan ne mafi yawan abin da ake faɗa kan rayuwarsa ya fito.

Wani kwafi na Bahjat al-Afaq da aka rubuta da hannu yana ajiye a laburaren SOAS, a unguwar Bloomsbury kusa da Russell Square a nan Landan. Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta kawo bayanin hanyoyinsa a littafinta Africa Counts na 1973, daga nan sunansa ya shiga littattafan tarihin lissafi na Turawa. Samarinmu da yawa na wucewa ta wannan unguwa kullum kan hanyar aiki ko makaranta. Kabarinsa kuwa yana Alƙahira, a maƙabartar malamai. Allah ya jiƙansa da rahama.