John Budgett: Masanin Da Ya Rasa Ransa Wajen Neman Dangin Gartsa

Manomin fadama a arewacin Kano ya san gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka da rani tana numfashi da huhu. Gartsa ma tana da huhu, ga ɓawo mai tauri kamar sulke. Wannan siffa ta daɗe tana rikita masana game da rukunin kifayen da ya dace da ita.

John Samuel Budgett, haifaffen Ingila a 1872, ya nemi amsar a yadda ƙwanta ke girma. Ya je Gambiya sau biyu, ya je Uganda a 1902, bai dace ba. Sai a 1903, a yankin Neja Delta, ya haɗa ƙwan gartsa da maniyyin namijinta, ya bi girmansu mataki-mataki.

Ya koma gida da zazzaɓin cizon sauro, ya mutu ranar 19 ga Janairu 1904 yana da shekara 31. Abokinsa Graham Kerr ne ya wallafa binciken a 1907.

A yau masana na lissafa gartsa a babban rukunin tarwaɗa da karfasa. Gaiwa kuwa ta fi kusa da dabbobin tudu.