Marigayi Waziri Junaidu, Ma'ajin Littattafan Magabata

An haifi Alhaji Junaidu a birnin Sakkwato cikin shekarar 1906, a gidan Waziri Muhammadu Buhari, daga zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima. Ya yi karatu a zaurukan malaman birni, ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato, daga bisani aka naɗa shi Waziri a 1948, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Hidimar littattafai ce ta ɗaukaka sunansa. Ya tattara rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello, haɗe da wasiƙun wazirai, ya adana su, ya kuma buɗe ƙofarsa ga masu bincike. Daga taskarsa Baturen nan Murray Last ya ɗebi ilimi kafin ya wallafa tarihin Daular Sakkwato a 1967. Allah Ya yi wa Waziri rasuwa a watan Janairu na 1997.

'Yan'uwa mazauna birane, mu ma akwai tsofaffin takardu a gafakokin gidajenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, gara da ɗigon damina na cinye su. Waziri a gaban malamai ya ƙware. Ɗan yau kuwa sai da takardar shaida. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon aikin laburare tun 1968, dokar 1995 kuma ta kafa hukumar yi wa ma'aikatansa rajista. Mu tura 'ya'yanmu su karanto wannan fanni, su dawo su ceci gadonmu.

Allah Ya jiƙan Waziri, amin.