Muhammadu Musaddak da Man Ƙasar Iran

An haifi Muhammadu Musaddak a Teheran a shekarar 1882. A 1941 sojojin Ingila da na Tarayyar Sobiyet suka mamaye Iran, Ingila ta kama matatar mai ta Abadan. A 1944, tun sojojin baƙi ba su fita ba, Sobiyet ta nemi man arewacin ƙasar, sai Musaddak ya sa majalisa ta hana ministoci ƙulla yarjejeniyar mai da baƙi. A 1951 aka mai da man dukiyar al'umma, shi kuwa ya zama firaminista. Ingila ta tsare cinikin man ta teku. A watan Agusta na 1953 aka kifar da shi da hannun Ingila da Amurka. Bayan shekara 3 a kurkuku, ya zauna tsare a Ahmadabad har rasuwarsa a 1967.