Malam Muhammadu Al-Katsinawi, Gwanin Hatimi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malamai a Gumel ko Gagarawa, ba mamaki ya ga an zana hatimi a allo: gida tara, an zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ko ta ina aka haɗa layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 zai bayar. Mutane da yawa suna kwafarsa, amma kaɗan ne suka san yadda ake gina shi. To, akwai wani Bakatsine da ya shahara a wannan fanni har Masar.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani ne, Larabawa suna ce masa Al-Kashnawi. Ya yi karatu a wurin manyan malamai, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Daga baya ya kama hanyar aikin hajji, ya zauna a Makka, sa'an nan ya koma Alƙahira. A wajen 1732 ya rubuta littafinsa na Larabci, Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da hatimai. Mutanen zamaninsa asiri suke nema a ciki. Mu kuwa 'yan makaranta lissafin ne ya dame mu.

Malam bai tsaya ga zana hatimi ɗaya a kwafa ba. Hanyoyin ginawa ya shimfiɗa, musamman na hatimin da gefensa ke da gida 3, ko 5, ko 7. Irin wannan hanya takan ce: fara daga gida kaza, yi taku kaza ka ajiye lamba ta gaba, in ka faɗa waje, shigo ta ɗaya gefen, in ka tarar gidan a cike, sake taku. Mai bin umarnin ko bai gane dalili ba, zai cika gida 25, kowane layi ya ba shi 65. Wannan fa shi ne ainihin aikin mai tsara umarnin kwamfuta, domin ita ma ba ta san dalili ba, bi kawai take yi.

Wasu abokaina suna cewa irin wannan aiki ba fasaha a cikinsa, bin doka ne kurum. Ni ban yarda ba. Mawaƙi ma ai ɗaure yake da kari da amsa-amo, makaɗin kalangu ba ya fita daga kiɗan da aka ɗauko, masaƙi kuwa sai ya ƙidaya zare kafin ado ya fito a zanen da za a kai kasuwar Maigatari ran Alhamis. Mai bin hanya ba gwani ba ne, gwani shi ne wanda ya ƙago ta, ko ya gajarta ta har yaro ya iya riƙewa. Ada Lovelace ta Ingila ma, da take bayanin injin lissafin Babbage a 1843, da saƙa ta kwatanta aikinsa.

Ba hatimi kaɗai Malam ya rubuta ba, ya taɓa nahawu da manɗiƙi. A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan Abdurrahman, kuma a nan ya rasu a 1741, shekara 63 kafin jihadin Shehu Usmanu. Mai masaukinsa ya bar wa littattafansa. Allah ya jiƙansa, amin.