Lionel de Rothschild da Kujerar Tsohon Birnin Landan (1808–1879)

Gabatarwa

A tarihin majalisar dokokin Birtaniya, da wuya a sami wakilin da jama'a suka yi ta zaɓa sau biyar a jere amma doka ta hana shi zama a kujerarsa, in ban da Lionel Nathan de Rothschild. Daga 1847 zuwa 1858 mutanen Tsohon Birnin Landan suna aika shi majalisa, majalisa kuma tana mayar da shi daga bakin ƙofa, saboda shi Bayahude ne, rantsuwar kama aiki kuwa an tsara ta ne da kalmomin da sai Kirista ke iya furtawa da gaskiya. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarsa tare da tarihin mazaɓar da ta tsaya masa, domin ba a fahimtar ɗaya sai da ɗayar.

Asali da tasowa

An haifi Lionel a Landan ranar 22 ga Nuwamba, 1808. Mahaifinsa, Nathan Mayer Rothschild, mutumin Frankfurt ne ta ƙasar Jamus, wanda ya zo Ingila a ƙarshen ƙarni na 18 ya fara fataucin yadi a Manchester, daga baya ya koma Landan ya kafa banki a wani gida da ake kira New Court. Nathan ɗaya ne daga cikin 'yan'uwa biyar da suka rarrabu a Frankfurt da Biyana da Landan da Naples da Paris, kowa da bankinsa, amma jarinsu da sirrinsu a haɗe. Wannan haɗin kai ne ya ba su damar ba gwamnatocin Turai rancen da babu wani ɗan kasuwa guda da zai iya ɗauka shi kaɗai.

Lionel ya yi karatu a jami'ar Göttingen, sannan ya koyi aikin banki a gidan mahaifinsa da gidajen baffanninsa. Yana matashi a New Court aka ƙulla rancen fam miliyan 15 na 1835, wanda gwamnati ta biya diyya da shi bayan haramta bauta a ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Diyyar ta tafi hannun masu bayi ne, bayin da aka 'yanta ba su sami ko kwabo ba. A 1836 ya auri Charlotte, 'yar baffansa na Naples, a Frankfurt. Mahaifinsa ya je bikin yana fama da ciwo, kuma a can ya rasu bayan 'yan makonni. Ta haka ragamar bankin Landan ta faɗo hannun Lionel bai cika shekara 28 ba.

A farkon 1847, lokacin da yunwa ta afka wa Ireland sakamakon lalacewar dankali, yana cikin attajiran da suka kafa ƙungiyar agaji wadda ta tara fiye da fam 400,000. Wannan aiki ya ƙara masa daraja a idon 'yan kasuwar birni watanni kaɗan kafin ya shiga takara.

Mazaɓa mai kujeru huɗu

Tsohon Birnin Landan ɗan yanki ne da bai wuce murabba'in mil ɗaya ba sosai, wato tushen garin da Rumawa suka kewaye da ganuwa. Yana da magajin garinsa da majalisarsa da al'adunsa daban da sauran unguwannin da suka kewaye shi. Yawancin garuruwa da gundumomin Ingila wakilai biyu-biyu suke aikawa majalisa a wancan zamani, amma Tsohon Birni yana aika huɗu tun ɗaruruwan shekaru, abin da ke nuna ƙarfin dukiyarsa da kuma yawan buƙatar da sarakuna ke yi wa aljihun attajiransa.

Masu jefa ƙuri'a a da su ne cikakkun 'yan ƙungiyoyin sana'a na birni, irin su maƙeran zinariya da masu sayar da yadi da masu sayar da kifi. Dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta ƙara musu magidantan da ke riƙe da gida ko shago mai darajar hayar fam 10 a shekara. Kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a huɗu, ɗaya ga kowace kujera, kuma a bainar jama'a yake faɗin wanda ya zaɓa, domin ƙuri'ar sirri ba ta zo ba sai 1872.

Wannan tsari yana da muhimmanci ga labarin Lionel. Mazaɓar da ke da wakili ɗaya tak, in ta zaɓi wanda ba zai iya zama a majalisa ba, ta toshe bakinta ke nan gaba ɗaya. Amma mai kujeru huɗu tana iya barin ɗaya babu kowa shekara da shekaru, sauran ukun suna kula da harkokin tashar jiragen ruwa da haraji da banki. Duk da haka ba ƙaramar asara ba ce, domin birnin ya yarda ya rasa rubu'in muryarsa har shekara 11.

Matsalar rantsuwa

An kori Yahudawa daga Ingila a 1290, ba su dawo a fili ba sai a zamanin Oliver Cromwell, tsakiyar ƙarni na 17. Babu wata doka da ta ambaci sunansu ta hana su takarar majalisa. Abin da ya tare musu hanya shi ne wata tsohuwar rantsuwa da aka tsara domin nesanta wakilai daga zuriyar Stuart masu neman sarauta, wadda ke ƙarewa da cewa mai rantsuwar ya yi ta ne bisa imaninsa na Kirista. Ba domin Yahudawa aka sa waɗannan kalmomi ba, amma su suka fi cutuwa da su. An buɗe wa 'yan ɗarikar Katolika ƙofar majalisa a 1829, an kuma yarda 'yan ɗarikar Quaker su yi alkawari maimakon rantsuwa a 1833, aka bar Yahudawa a waje.

A babban zaɓen 1847 Lionel ya tsaya a ƙarƙashin jam'iyyar Liberal, kafaɗa da kafaɗa da firaminista Lord John Russell, wanda shi ma ɗaya ne daga cikin wakilan Tsohon Birni. Russell ya zo na ɗaya, Lionel ya zo na uku. Nan da nan Russell ya gabatar da ƙudurin gyara rantsuwar. William Gladstone ya goyi baya, haka ma Benjamin Disraeli, wanda asalinsa Bayahude ne amma aka yi masa baftisma yana yaro, ko da yake yawancin 'yan jam'iyyarsa ta Conservative sun juya masa baya a kan wannan batu. Majalisar Wakilai ta amince, sai Majalisar Dattawa, inda masu sarautar gado da manyan limaman coci ke zama, ta yi watsi da ƙudurin a 1848.

Hujjar masu adawa ita ce Birtaniya ƙasar Kirista ce mai cocin gwamnati, majalisa kuma tana yin dokoki har a kan al'amuran wannan coci, saboda haka bai dace wanda ba Kirista ba ya sa baki. Masu goyon baya suka amsa da cewa mutumin da ke biyan haraji, yana zama alƙalin sulhu, yana ba gwamnati rance, ba shi da dalilin da za a hana shi wakiltar waɗanda suka zaɓe shi, kuma haƙƙin masu zaɓen ne ake tauyewa kafin nasa.

Shekaru goma sha ɗaya a bakin ƙofa

Da dattawa suka sake ƙin ƙudurin a 1849, Lionel ya ajiye kujerar da gangan ya koma gaban masu zaɓe, domin a ji ko suna nan a kan bakansu. Lord John Manners ya kara da shi, Lionel ya kayar da shi da rata mai yawa. A Yulin 1850 ya shiga zauren majalisa ya nemi a rantsar da shi da Tsohon Alkawari, aka yarda. Ya karanta rantsuwar har ya kai ga kalmomin ƙarshe, sai ya tsallake su, yana mai bayyana cewa ba su hau kansa ba. Aka umarce shi ya fita, ya fita.

Wani Bayahuden, David Salomons, wanda aka zaɓa a Greenwich a 1851, ya bi wata hanyar daban. Ya zauna a kujera ba tare da cikakkiyar rantsuwa ba, har ya jefa ƙuri'a, aka fitar da shi, kotu kuma ta ci shi tarar fam 500. Lionel bai taɓa yin haka ba. Ya zaɓi haƙuri da bin doka, yana barin masu zaɓe su yi magana a madadinsa. Sun sake zaɓensa a 1852 da kuma babban zaɓen 1857. Da dattawa suka ƙi ƙudurin gwamnatin Lord Palmerston a wannan shekarar, ya sake ajiye kujerar, aka mayar da shi ba hamayya. A cikin waɗannan shekaru ne kuma bankinsa ya ɗauki nauyin rancen fam miliyan 16 da gwamnati ta nema a 1855 domin yaƙin Crimea, aka kuma naɗa Salomons magajin garin Landan a wannan shekara.

Mafita ta zo a 1858, a ƙarƙashin gwamnatin Conservative ta Lord Derby, wanda shi kansa ya daɗe yana adawa da gyaran. Majalisar Wakilai ta ƙara matsa lamba ta hanyar sa Lionel cikin kwamitin da zai gana da dattawa kan saɓanin, tunda dokar ba ta hana wakilin da bai rantse ba zama a kwamiti. Lord Lucan ya kawo shawarar sulhu, cewa kowace majalisa ta tsara rantsuwar 'ya'yanta da kanta. Dattawa suka ga sun tsira da ƙofarsu, suka yarda. Ranar 26 ga Yuli, 1858, Russell da John Abel Smith suka rako Lionel gaban teburin majalisa. Ya rufe kansa bisa al'adar addininsa, ya rantse da littafin Ibrananci, ya zauna. A 1866 wata sabuwar doka ta cire kalmomin daga rantsuwar majalisun biyu ɗungurungum.

Bayan nasara

Abin da ya ba mutane da yawa mamaki shi ne, bayan duk wannan gwagwarmaya, ba a san Lionel da yin jawabi a zauren majalisa ba. Ƙarfinsa yana New Court da kuma gidansa na Piccadilly, inda ministoci da jakadu ke zuwa cin abinci da neman labarin Turai, domin saƙonnin gidan Rothschild sukan riga na gwamnati isowa. Ciwon gaɓoɓi kuma ya addabe shi, har ya kai shi ga zama a keken guragu a shekarunsa na ƙarshe.

Tsarin kujeru huɗun da ya taimake shi a da, shi ne ya kayar da shi daga baya. Dokar zaɓe ta 1867 ta rage ƙuri'ar kowane mai zaɓe a Tsohon Birni zuwa uku, kujeru kuwa suna nan huɗu, domin jam'iyyar da ba ta da rinjaye ta sami wakili ɗaya. A zaɓen 1868 Liberal ta tsayar da mutum huɗu, ƙuri'unta suka rarrabu, ɗan Conservative Charles Bell ya shige, Lionel ya faɗi. Bell ya rasu a farkon 1869, Lionel ya koma kujerar a zaɓen cike gurbi. A wannan lokaci Gladstone ya nemi Sarauniya Victoria ta ɗaga shi zuwa Majalisar Dattawa, ta ƙi, saboda addininsa da kuma irin sana'arsa. A 1874 'yan kasuwar birni suka karkata ga Conservative, jam'iyyar ta kwashe kujeru uku, Lionel ya bar majalisa ke nan har abada.

Aikinsa da aka fi tunawa da shi ya zo ne bayan haka. A Nuwamban 1875 Isma'il, mai mulkin Masar, wanda bashi ya yi wa katutu, ya sa hannayen jarinsa 176,602 na kamfanin mashigin Suez a kasuwa. Majalisa tana hutu, Disraeli kuma, wanda ya zama firaminista, yana tsoron kada Faransawa su riga shi. Lionel ya ba gwamnati fam miliyan 4 cikin 'yan kwanaki. Gladstone da wasu sun soki ladan da bankin ya karɓa, suna ganin ya yi yawa ga rancen da gwamnatin Birtaniya ce za ta biya. Cinikin ya ba Birtaniya babban kaso a mashigin, ya kuma zama ɗaya daga cikin matakan da suka kai ga mamaye Masar a 1882.

Kammalawa

Lionel ya rasu ranar 3 ga Yuni, 1879, kwanaki kaɗan bayan dokinsa ya ci babbar tseren Derby, aka binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Willesden. A 1885 sarauniyar da ta ƙi shi ta ɗaga ɗansa Nathaniel zuwa Majalisar Dattawa, ya zama Bayahude na farko mai riƙe da addininsa da ya zauna a can.

A wannan shekarar ce kuma aka rage kujerun Tsohon Birni daga huɗu zuwa biyu. Jiragen ƙasa sun kwashe mazauna zuwa unguwannin waje, gidaje sun koma ofisoshi da rumbunan kaya. Mutanen da ke kwana a birnin sun haura 120,000 a 1851, amma ba su kai 30,000 ba a 1901. Mazaɓar ta zama amintacciyar kujerar Conservative, har tsohon firaminista Arthur Balfour ya wakilce ta daga 1906 zuwa 1922. Dokar 1948 ta soke ƙuri'ar da ake samu ta hanyar mallakar wurin kasuwanci, ta kuma kawar da sauran mazaɓu masu wakili fiye da ɗaya. A zaɓen 1950 aka haɗe Tsohon Birni da Westminster suka zama mazaɓa guda mai wakili ɗaya.