Walter Cannon, Mutumin da Ya Leƙa Cikin Mai Jin Tsoro

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa ya san yadda abin yake. Malami na fara raba takardu sai gaba ya faɗi, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi, kunun da aka sha da safe ya tsaya cak a ciki. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake cewa cikin wane ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa. Mutumin da muka kawo muku tarihinsa a bangon wannan makon shi ne ya leƙa cikin da idonsa, ya auna abin da tsoro da fushi suke yi wa jiki. Sunansa Walter Bradford Cannon, likita ne kuma masanin aikin sassan jiki, ɗan ƙasar Amurka.

An haife shi ranar 19 ga Oktoba, 1871, a wani ƙaramin gari mai suna Prairie du Chien a jihar Wisconsin. Garin yana da nasa tarihi a kan sha'anin ciki. Shekara arba'in da 'yan kai kafin haihuwar Cannon, wani likitan soja, William Beaumont, ya yi gwaje-gwaje a barikin garin a kan wani mutum da harbin bindiga ya bar masa rami a tumbi, ramin kuma bai toshe ba. Ta wannan ƙofa Beaumont yake kallon yadda abinci ke narkewa, har ya lura cewa idan ran mutumin ya ɓaci narkewar takan yi jinkiri. Yaron da aka haifa a garin daga baya shi ne zai bi wannan magana har gindinta.

Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuwa ta yi aikin koyarwa. Ta rasu yana da shekara goma. Karatunsa bai yi armashi ba a shekarun da suka biyo baya, har mahaifin ya ga kamar ɓata lokaci yake yi, ya cire shi daga makaranta yana ɗan shekara 14, ya sa shi aiki a ofishin jirgin ƙasa. Shekara biyu ya yi a can. Da ya koma aji a garin St. Paul sai ya zama kamar ba shi ba, karatun sakandare na shekara huɗu ya gama shi cikin uku. Wata malamar adabi, May Newson, ita ta ga abin da ke tattare da shi, ta ƙarfafa masa gwiwa ya nemi Jami'ar Harvard, ta kuma taimaka masa ya sami tallafin karatu. Ya shiga a 1892 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a aljihu, yana karatu yana 'yan ayyuka don ya riƙe kansa, ya fita a 1896 da sakamako mafi daraja. Cikin malamansa har da William James, shahararren masanin halayyar ɗan Adam. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo gare shi.

A shekarar da ya shiga makarantar koyon likitanci, duniya na cikin ɗokin wani sabon abu. A ƙarshen 1895 wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Cannon, ɗalibin shekarar farko, ya je wurin farfesansa Henry Bowditch yana neman ɗan aikin bincike. Bowditch ya ce masa ya gwada sabon hasken ya ga yadda haɗiya take tafiya. Matsalar ita ce hasken yana ratsa tsoka ya wuce, ba ya nuna ta. Sai Cannon ya riƙa cakuɗa abincin dabbobi da garin wani sinadari mai suna bismut, wanda haske ba ya ratsa shi. Ta haka ya ga inuwar loma tana gangarawa a dogon wuyan dinya, daga nan ya koma kan tumbin kyanwa. Har yau idan likita zai ɗauki hoton tumbi ko hanji yakan ba majiyyaci wani farin ruwa mai kauri ya sha, asalin dabarar ke nan.

Abin da ya gani a cikin kyanwa ya burge shi. Bayan ta ci abinci, bangon tumbin yakan matse, matsewar ta yi tafiya kamar igiyar ruwa zuwa ƙofar hanji, wata na bin wata, kusan sau shida a minti guda, awa bayan awa. Amma wani abu ya riƙa ɓata masa aiki. Wata rana ya ɗaure dabba a kan katako ya kunna na'ura ya ga motsi sarai, wata rana kuma tumbi ya tsaya shiru kamar jakar fata. Ya lura muzurai ne suka fi yi masa haka, matan kuwa nasu yana tafiya daidai. Da farko ya ɗauka bambancin namiji da mace ne.

Wata kyanwa mai 'ya'ya ce ta warware masa. Tana kwance lafiya, tumbinta na aiki, sai kawai ta fusata, ta fara kokawa da ɗaurin tana kaɗa wutsiya. Nan take motsin ya ɗauke. Cannon ya shiga shafa ta a hankali har ta natsu ta fara gurnani, sai motsin ya dawo. Ashe muzuran ba su da wata halitta daban, ɗaurin ne suka ƙi jini, suna cikin fushi da firgici tun daga farko har ƙarshe. Wani ɗalibin da ya zubar da waɗannan ranaku a matsayin gwajin da ya lalace. Shi ya rubuta su, ya saka su cikin rahoton da ya buga a 1898, tun bai zama likita ba. Abin da ya zo masa a matsayin cikas shi ya zama aikin rayuwarsa.

A matsayinsa na ɗalibi ma yana da ƙorafi. Kullum da rana sai su zauna awa huɗu a jere malamai na zuba lacca, barci na fizgar ajin. Abokin ɗakinsa kuwa mai karatun lauya ne, kullum cikin zumuɗi yake, domin su ana ba su ainihin shari'o'in da aka yi su yi muhawara a kai. A 1900 Cannon ya rubuta maƙala yana ba da shawara a riƙa ba ɗaliban likitanci labarin majiyyaci na gaske, su tattauna su gano cutar da kansu. Aka karɓi shawarar, ta kuma bazu. Ya gama karatu a wannan shekara, ya auri Cornelia James a 1901, wadda suka san juna tun sakandare, kuma a 1906 ya gaji kujerar Bowditch. Ya riƙe ta har 1942.

Tambayar da kyanwar nan ta bar masa ita ce, wane saƙo ne yake zuwa ya tsayar da tumbi? A 1911 shi da wani matashin mai bincike, Daniel de la Paz, suka shirya gwaji. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama da ke fitar da sinadarin da ake kira adirenalin. Suka ɗebi jinin kyanwa daga jijiyar da ke kusa da wurin tana cikin natsuwa, sannan suka kawo kare ya yi ta yi mata haushi, suka sake ɗiba. A gefe suna da ɗan yankin hanji da ke motsi shi kaɗai a cikin kwalba. Jinin farko bai yi masa komai ba. Jinin tsoro na taɓa shi sai ya saki, motsi ya tsaya. Da suka gwada da dabbar da aka cire wa waɗannan 'yan tsokoki, haushin kare bai sa jininta ya yi wannan aiki ba.

Daga nan binciken ya yi ta buɗewa. Tsoro ko fushi na zuwa, zuciya takan ƙara bugu, jini ya bar kayan ciki ya koma hannuwa da ƙafafu, hanta ta saki sukari cikin jini, numfashi ya zurfafa, ƙwayar ido ta buɗe, jini ma ya fi saurin daskarewa ko da za a ji rauni. Cannon ya ga duk manufarsu ɗaya ce, jiki ne yake shirin faɗa ko gudun ceton rai. Wanda kura ta biyo ba narka tuwo ne ya dame shi ba. Ya tattara wannan a littafinsa na 1915 a kan sauye-sauyen da jiki ke yi lokacin ciwo da yunwa da tsoro da fushi.

A cikin littafin akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A 1913 shi da wani abokin aikinsa sun gwada fitsarin 'yan wasan ƙwallon jami'arsu su 25 bayan wasan ƙarshe mai zafi na shekara. An sami sukari a fitsarin 12. Abin mamaki, biyar daga cikinsu 'yan benci ne, ko filin ba su taka ba, zullumi kaɗai ya yi musu haka. Ya kuma kawo gwajin da aka yi wa ɗaliban likitanci tara masu lafiya. Bayan jarrabawa mai tsauri an sami sukari a fitsarin huɗu, bayan wata mai sauƙi kuwa mutum ɗaya kawai. Kada wani ya firgita, wannan ba ciwon sukari ba ne, yakan wuce da hankali ya kwanta. Amma ku duba abin da yake nufi. Yaro yana zaune a kan benci da biro a hannu, babu kura babu zaki, jikinsa kuwa ya gama ɗaura ɗamarar gudu. Ƙarfin da aka tanada ba shi da inda za shi, sai rawar hannu da bushewar baki. Shi kansa bushewar bakin Cannon ya yi maganarsa, inda ya tuna wata tsohuwar al'ada ta ƙasar Indiya da ake ba waɗanda ake zargi shinkafa su tauna su tofar, wanda tasa ta fito a bushe a ce shi ne mai laifi. Ga alama matsorata da yawa sun sha hukuncin da ba nasu ba.

A nan muna roƙon malamanmu su yi mana afuwa mu faɗi ra'ayinmu. Jiki Cannon ya auna, bai auna maki ba. Duk da haka, idan aka tsayar da ɗalibi gaban allo, bulala na lilo a gefensa, ya kasa faɗin abin da ya haddace daren jiya, akwai wuya a rantse cewa bai sani ba. Mai yiwuwa muzurun Cannon ne a kan katako. Mu ma ɗalibai da namu, domin wanda ya bar karatu sai daren jarrabawa shi ya kira wa kansa kare mai haushi.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Cannon ya tafi Faransa yana da shekara 45, ya bar mata da 'ya'ya biyar, ya yi aiki kusa da fagen fama yana binciken dalilin da ke sa jinin sojan da ya ji mummunan rauni ya faɗi har ya mutu. Bayan yaƙi ya faɗaɗa tunaninsa. Ya nuna cewa jiki kullum yana ƙoƙarin riƙe zafinsa da ruwansa da sukarinsa da gishirinsa a kan ma'auni guda, ko ana sanyi ko ana zafi. Shi ya raɗa wa wannan daidaito suna homiyostasis a 1926, kalmar da 'yan ajin kimiyya suke haddacewa a darasin bayoloji, ya kuma yi bayaninsa ga kowa da kowa a littafinsa na 1932 a kan hikimar jiki.

Sai batun tsohon malaminsa. William James ya koyar cewa jiki ne yake fara sauyawa, jin wannan sauyi kuma shi ne tsoron. A 1927 Cannon ya ƙi yarda. Hujjarsa ita ce bugun zuciyar mai tsoro da na mai fushi da na mai zazzaɓi duk kusan iri ɗaya ne, to ta yaya mutum zai bambance su da jiki kaɗai? Kayan ciki kuma suna da nawa wajen amsawa, tsoro ya riga su isowa. Shi da ɗalibinsa Philip Bard suka nuna cewa daga can cikin ƙwaƙwalwa abin yake tasowa. Masana na baya sun gyara wasu sassan bayaninsu, har yau kuma ana koyar da ra'ayoyin biyu a jere. Ba kowane lokaci ya dace ba. Ya yi shekaru yana kare wani bayani a kan sinadarin da jijiyoyi ke fitarwa, daga baya aka tabbatar ya yi kuskure. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai samu ba.

Ya riƙa jan hankalin likitoci cewa damuwa da fargaba suna iya lalata aikin ciki da zuciya, kuma likitan da ya yi watsi da halin da ran majiyyaci ke ciki ya bar rabin aikinsa. A 1942 ya rubuta maƙala a kan mutanen da aka ce sun mutu bayan sun gaskata an yi musu sammu. Bayaninsa shi ne tsoro mai tsanani da ya ƙi sauka, ga ƙin ci da sha, yana iya gajiyar da jiki har ya kai ga mutuwa. Labaran da ya dogara da su na matafiya ne da likitocin da suka yi aiki a ƙasashe masu nisa, ba gwajin hannunsa ba, don haka wannan maƙala ba ta kai sauran ayyukansa ƙarfi ba, ko da yake ta fi yawancinsu suna.

Lokacin da yake ɗalibi yana zama gaban na'urar eksire awa da awa, babu wanda ya san haɗarin hasken sosai, babu kuma wata kariya. Hannuwansa sun ƙone tun a lokacin. Da ya manyanta sai wata muguwar cutar fata mai ƙaiƙayi ta kama shi, wadda likitoci suke dangantawa da wancan haske, ya yi fama da ita fiye da shekara goma yana aiki. A cikinta ya je ƙasar Sin ya koyar a 1935, ya wuce Rasha wurin abokinsa Ivan Pavlov, ya kuma shugabanci masu tara magunguna domin waɗanda yaƙin basasar Sifen ya rutsa da su. Daga baya sankarar jini ta haɗu da ciwon. Littafin tarihin rayuwarsa ya fito a 1945, ya rasu ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara a gidan gonarsa da ke Franklin a jihar New Hampshire, saura kwana 18 ya cika shekara 74.