Tarihin Nana Asma'u, uwar Ƴan Taru

Ƴan uwa na gida da na cin rani, ga tarihin malamar da ta san yadda ake riƙon jama'a idan zamani ya juya.

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel wajen shekara ta 1793. Ita ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, wanda aka haifa nan Maratta cikin ƙasar Tawa. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta yi karatu mai zurfi, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Mijinta shi ne Giɗaɗo, wazirin Sarkin Musulmi Bello.

A Ɗagel jama'a kaɗan ce, kowa na jin wa'azi daga bakin malam. Bayan jihadi ƙasa ta yi faɗi. Yaƙe-yaƙe, har na Gawakuke a 1836, sun bar mata da yawa cikin ƙauyuka, wasu mazansu sun mutu, wasu an kamo su, ba su san karatu ba. Matar aure mai goyo kuwa ba ta iya barin gida ta je Sakkwato.

Sai Nana ta sake dabara. Ta zaɓi dattijan mata masu amana, ta ba kowacce sunan jaji, kamar mai ja gaban ayari. Jaji ta zo da tsofaffi da ƴan mata, su haddace waƙoƙin da Nana ta tsara kan salla da tauhidi da kyawun hali, su koma su koya wa na gida. Su ake kira Ƴan Taru. Malfa da Innar Gobir, shugabar bori, ke sawa, ita Nana ta aza wa jaji, don mata su gane shugaba da alamar da suka saba da ita.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Yau samari sun watse Yamai da Kano da Abijan, masallaci da makarantar allo sun rage hannun tsofaffi da mata. Dattijai su duba waɗanda suka zauna gida, su koya musu, su danƙa musu aiki tun da sauran ƙarfi. Allah ya jiƙan Nana, amin.